Facin da ba ya jiran Talata

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane magidanci a Mayahi ya san lokacin yaɓe. In bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a kwaɓa ƙasa a bi katanga da rufin soro da gindin rumbu, a gyara indararo. Wannan aiki yana da lokacinsa, ana kuma yi masa tanadi. Amma akwai gyaran da ba ya da lokaci. In ruwan Agusta ya kwana yana zuba, gari ya waye aka ga tsaga a bangon ɗaki, babu mai hankalin da zai ce a bari sai bazara mai zuwa. A ranar ake neman magini, ko da kasuwa ce ke ci.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ma'aikata ke kira ordinater, wasu kuma kwamfuta, ita ma tana da bango, kuma bangon yana tsagewa. Gundumar Mayahi tana da ƙananan hukumomi 8 da mutane sama da 550,000 a ƙidayar 2012, kuma yau yawancin aikin takardunsu ta cikin wannan na'ura yake bi. Da ita ake buga takardar haihuwa, da ita ake tsara sunayen ƴan lakkol masu jarrabawa, da ita likita ke aika alƙaluman marasa lafiya zuwa Maraɗi da Yamai, a cikinta mai karɓar haraji ke ajiye lissafinsa. Ɗan kasuwa kuwa tasa na'urar tana cikin aljihu, wato wayar da yake ciniki da ita da Kano da Kotonu, yake karɓar kuɗin wake da riɗi, yake tura wa dillali kafin alƙalami. Dukansu, manya da ƙanana, suna son yaɓe a kan kari, wani lokaci kuma gyaran gaggawa. Tambayar da ya kamata magabata su amsa ita ce: wa aka ɗora wa wannan aiki?

Yadda tsagar take

Kowace na'ura tana da uwar manhaja, wato babban tsarin da ke tada ta, ya haɗa allo da madannai da injin buga takardu, ya ba sauran manhajoji wurin zama. A birori galibi Windows ce ta kamfanin Microsoft, a wayoyi kuma Android ta Google. Mutane ne suka rubuta ta, layi bisa layi har miliyoyin layuka, ɗan Adam kuwa ajizi ne. A cikin rubutun akwai kurakuran da ba a gani ba ranar da aka sayar da ita. Wani kuskuren ba ya cutar da kowa. Wani kuwa ƙofa ce a buɗe: wanda ya gano ta yana iya shiga na'urar daga nesa, ya karanta abin da ke ciki, ya kwashe, ya goge, ko ya kulle ya ce sai an biya shi.

In kamfani ya gano irin wannan ƙofa, sai ya rubuta ɗan gyara ya aiko ta intanet. Shi ne faci, kamar na tayar keke, kuma shi allo ke nufi in ya rubuto cewa akwai mizajur. Tun watan Oktoba na 2003 Microsoft ta tsaida rana guda domin wannan: Talata ta biyu ta kowane wata. Ana sakin facin da ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka, wanda ya yi daidai da ƙarfe 6 ko 7 na marece a Nijar, bayan an rufe birori. Ke nan ga ma'aikacin Mayahi ko na Tasawa ranar aikin ita ce Laraba. Google ma tun 2015 ta fara fitar da jerin gyaran Android, sai dai nata facin ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar yake bi kafin ya iso, shi ya sa wayoyi masu araha sukan daɗe ba su samu ba, wasu ma an daina aiko musu.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Faci yana rufe ƙofa, amma yana kuma nuna inda ƙofar take. Ranar da ya fito, ɓarayin intanet sukan ɗauke shi su gwada da tsohon rubutun, su ga abin da aka canza, daga nan su gane raunin. Kamar mai shela ne ya zagaya gari yana cewa kwaɗunan da aka sayar bara duk mabuɗi ɗaya ke buɗe su, kowa ya zo ya canza nasa. Mai kanti ya ji, ɓarawo ma ya ji. Saboda haka na'urar da aka bari ba faci ta fi shiga haɗari bayan fitowar facin.

Kamfani ba ya son karya jadawalinsa, domin manyan ma'aikatun duniya sun tsara aikinsu bisa Talatar nan. In aka ga ya aiko faci ran Alhamis ko ran Asabar, to akwai dalili. Wani lokaci facin Talatar ne ya ɓata wani abu ake gyarawa. Amma in faci ne na tsaro, ma'anarsa ko dai an riga an ga ɓarayi suna shiga ta ƙofar, ko kuma labarinta ya bazu har ba za a iya jiran wata mai zuwa ba. Wannan shi ne tsagar watan Agusta.

Abin da ya faru ga waɗanda suka yi jinkiri

Ran Alhamis 23 ga Oktoba 2008 Microsoft ta fitar da facin gaggawa mai lamba MS08-067, ta nemi a sa shi nan take. Mutane da yawa ba su sa ba. A watan Nuwamba wata ƙwayar cutar na'ura mai suna Conficker ta bayyana, ta bi ta wannan ƙofar ta kama miliyoyin na'urori. A Janairu 2009 ta shiga na'urorin rundunar sojan ruwa ta Faransa, har sai da aka yanke hanyar sadarwarsu domin a tsabtace ta. Abin lura ga birorin karkara shi ne, Conficker ba ta tsaya ga intanet kaɗai ba. Ta koyi hawa kile, ƙaramin mazubin nan da ake sokawa a na'ura a kwashi takarda, ta sauka a duk inda aka soka shi.

Bayan shekara tara aka sake ganin irinta. Ran 14 ga Maris 2017 aka fitar da facin wata ƙofa a Windows. Ran 14 ga Afrilu wasu suka watsa wa duniya makamin shiga ta ƙofar, wanda aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. Ran Juma'a 12 ga Mayu, kwana 59 bayan fitowar facin, WannaCry ta faɗa wa na'urori sama da 200,000 a ƙasashe 150. Takan kulle duk takardun da ke ciki, ta rubuto a allo cewa a biya dalar Amurka 300, wajen jikka 180 na sefa a lokacin, in an wuce kwana uku kuɗin ya ninka. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kimanin 19,000. A Faransa kamfanin motoci na Renault ya tsaida aiki a wasu masana'antunsa. Abin ya kai Microsoft ta yi abin da ba ta saba ba: cikin kwana guda ta fitar da faci har ga Windows XP, wadda ta daina kula da ita tun 8 ga Afrilu 2014. Maganin yana nan kyauta wata biyu kafin cutar ta zo, ba a dai sha ba.

Ran 27 ga Yuni na wannan shekarar wata ƙwayar, NotPetya, ta taso daga Yukren ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda duk mai sauke kwantena a Kotonu ko Lome ya san sunansa. Shugaban kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a Janairu 2018 cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan manyan na'urori 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dalar Amurka miliyon 250 zuwa 300. Wani ɓangare na labarin ya shafi Afirka ta Yamma. Kundin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu ya goge a ko'ina, sai kwafi ɗaya tak da ya tsira a ofishin kamfanin na Gana, domin an ɗauke wuta a can, na'urar tana kashe lokacin da cutar ke yawo. Da wannan kwafi aka tada kamfanin. Abin da ɗaukewar wuta ta yi wa Maersk bisa sa'a, shi ne ya kamata kowane biro ya yi wa kansa da gangan, wato ya ajiye kwafin aikinsa a wurin da ba ya haɗe da komai.

«Wa zai damu da Mayahi?»

Wannan ita ce amsar da aka fi ji. A ce waɗancan manyan kamfanoni ne na Turai, me ɓarawon intanet zai samu a biron magajin garin Kanambakashe ko na Gidan Amumun? Masu wannan magana sun ɗauka ɓarawon yana zaɓen gida ne. Ƙwayoyi irin su WannaCry ba su san Mayahi ba, ba su san London ba. Lamba bayan lamba suke bi suna taɓa ƙofofi, wadda suka tarar a buɗe su shiga. Wuta in ta kama jeji ba ta tambayar gonar wa ce.

Masu zaɓen gidan ma sun iso yankin nan. A watan Nuwamba 2022 kamfanin bincike na Group-IB tare da masanan tsaro na Orange sun bayyana wani gungun ɓarayi masu jin Faransanci da aka laƙaba wa OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 sun kai hari sama da 30 a kan bankuna da kamfanonin waya, sun sace aƙalla dalar Amurka miliyon 11, sama da miliyar 6 na sefa, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka lissafa. Da wasiƙun ƙarya suke farawa, wasu da sunan ofishin haraji. A 2023 ƴan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol suka ba da sanarwar kama wani da ake zargin jigo ne a cikinsu a Kodibuwa. Ta fannin waya kuma, a watan Mayu 2019 WhatsApp ta nemi kowa ya sabunta manhajarsa da gaggawa, domin an gano ana shiga wayar mutum ta hanyar kira kawai, ko bai ɗauka ba. Mutane wajen 1,400 aka nufa, cikinsu har da limaman coci da ƴan adawa a Togo.

Wasu kuma sukan ce na'urarsu ba ta haɗe da intanet, don haka ta tsira. Kilen da sakatare ya kai shagon buga takardu da safe, ya soka a na'urar wani abokin aiki da rana, ya dawo da shi biro da marece, ya isa ya yi aikin da intanet za ta yi.

Dalilan da suka sa ake jinkiri

Zai zama rashin adalci a ce ma'aikatan karkara jahilci ne ke hana su. Dalilansu na gaske ne. Na farko kuɗin mega. Facin Windows na wata guda yakan kai mega ɗaruruwa, wani lokaci ya wuce jiga ɗaya, a birori da yawa kuma wayar ma'aikaci ce ke ba na'urar gwamnati intanet, da forfen da ya saya da albashinsa. Wanda ya sayi mega domin ya aika rahoto, ya ga Windows ta shanye kafin rahoton ya tafi, gobe zai nemi yaron da zai rufe masa mizajur ɗin gaba ɗaya.

Na biyu wuta. Layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa ya daɗe yana ciyar da jahar Maraɗi. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba a maido ta ba sai cikin 2024. Ko a lokacin lafiya ma wutar takan ɗauke. Na'urar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar ɗora faci tana iya ƙin tashi, mai gyara kuwa wataƙila sai an je Maraɗi.

Na uku manhajar sata. Na'urori da yawa an ɗora musu Windows da ba a saya ba, mai ɗorawar kuma yakan rufe hanyar faci don kada a gane. Gaskiyar magana ita ce Microsoft tana ba da facin tsaro har ga kwafin da ba na halal ba. Haɗarin yana cikin ƴar manhajar da ake fasa kwaɗon da ita, domin sau da yawa ita kanta tana ɗauke da cuta.

Na huɗu tsoro, kuma tsoron yana da tushe. A watan Oktoba 2018 wani babban sabuntawar Windows 10 ya goge wa wasu mutane takardunsu, har kamfanin ya janye shi. Ran 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika gyara mai kuskure, na'urori miliyon 8 da rabi suka ƙi tashi, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma galibi sai da aka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ke nan faci ma yana iya yin ɓarna. Sai dai ɓarnarsa ana iya rage ta da gwaji da ajiye kwafi, ta ɓarawo kuwa sai yadda ya ga dama.

Dalili na biyar shi ne uban sauran: na'urar ba ta da mai ita. Furoje ya kawo ta, an yi biki an ɗauki hoto, furoje ya ƙare ya tafi. A kasafin kuɗi akwai layin takarda da tawada da man mota, babu layin kula da na'ura. In aka canza wa ma'aikaci wurin aiki, takardar miƙa aiki takan ƙirga kujeru da kabad da na'urori, ba ta faɗin wace manhaja ke ciki, yaushe aka yi mata faci na ƙarshe, ko wa ke riƙe da kalmar sirri. A watan Afrilu 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi a duk faɗin ƙasa, an naɗa jami'an riƙo. Shugabanni sun canza, na'urorin suna nan inda suke da tsagoginsu. Jakin gayya, in ji Hausawa, yunwa ke kashe shi.

Ga kuma wani wa'adi da ya riga ya cika. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 faci ran 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025. An buɗe ƙarin wa'adi har 13 ga Oktoba 2026 ga ɗaiɗaikun mutanen da suka yi rajista, ma'aikatu kuwa sai sun biya, na tsawon shekara uku kawai. Windows 11 da ta gaje ta ba ta hawa tsofaffin na'urori da yawa, irin waɗanda ake saye na hannu. Na'urar da ke kan tsohuwar manhaja tana tashi, tana buga takarda kamar kullum, shi ya sa ba a ganin laifinta. Amma duk ƙofar da aka gano a jikinta daga yanzu a buɗe za ta zauna.

Mutum, kuɗi, da rana

Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda aka sake a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Doka tana hukunta ɓarawo in an kama shi, tana kuma ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Amma doka ba ta maido da rajistar da ta goge. Aikin yana hannun shugaban kowane biro, kuma bai fi ƙarfinsa ba.

Da farko a naɗa mutum, da sunansa, da takardar umurni mai hatimi. Ba sai injiniya ba. Sakatare ko akawun da ya iya karatu da natsuwa ya isa. A ba shi kaye guda, kowace na'ura da shafinta: inda take, manhajar da ke cikinta, ranar faci na ƙarshe, ranar da aka kwafi aikinta. Rubuta kalmar winver a wurin bincike yana nuna wace Windows ce, shafin Windows Update kuma yana nuna abin da aka ɗora da abin da ke jira. Ranar miƙa aiki, a miƙa kayen tare da mabuɗan biro.

Na biyu a buɗe layi a kasafin kuɗi: mega na wata-wata da sunan biro, ondiler mai riƙe wuta na ƴan mintoci, da faifan ajiya na waje guda biyu. Akwai hanyoyin rage tsada. Kowane faci yana da lamba mai farawa da KB, ana iya sauke shi sau ɗaya daga rumbun Microsoft Update Catalog a ɗora wa na'urori masu manhaja iri ɗaya, da kile mai tsabta wanda ba ya yin wani aiki sai wannan. Windows kanta tana iya raba abin da na'ura ɗaya ta sauke ga sauran da ke haɗe da ita cikin biro. Ma'aikacin ƙaramar hukuma mai nisa da ke zuwa taro a Mayahi yana iya riƙo na'urarsa ta hannu, ya sabunta ta inda rezo ya fi ƙarfi. Tun 2025 kuma intanet ta tauraron ɗan Adam ta Starlink ta fara aiki a Nijar, birorin da ke maƙwabtaka suna iya haɗa kuɗi su yi tarayya.

Na uku a tsaida rana. Larabar da ke bin Talata ta biyu, a kwafi aiki a faifan waje, a cire faifan a kulle a kabad. A ɗora facin a na'ura ɗaya wadda aikinta bai da nauyi, a buɗe takardu, a gwada injin bugawa. In an kwana biyu lafiya, a ɗora wa sauran kafin mako ya ƙare. A zaɓi lokacin da wuta ta fi zama, kuma kada a kashe na'ura tana cikin aikin.

Facin gaggawa na tsaro kuwa ba ya bin wannan layi. A kwafi aiki, a gwada a na'ura ɗaya na awa ɗaya ko biyu, a ɗora wa sauran a ranar ko washegari. In babu mega ko babu wuta, a raba na'urar da intanet, a hana soka mata kile, har a samu. Ya kamata wanda aka naɗa ya sami ikon shiga wurin shugabansa ya ce: «Ranka ya daɗe, yau sai an dakata da buga takardu na awa biyu», shugaban kuma ya saurare shi.

Na'urar da ta tsufa har ba ta karɓar faci, ko dai a raba ta da intanet da kilen waje ta zama keken rubutu kawai, ko a ɗora mata Linux, uwar manhaja ta kyauta wadda ke tafiya a tsofaffin na'urori. Nau'inta na Ubuntu mai dogon wa'adi yana samun faci shekara biyar ba a biyan ko tamma. Jandarmomin Faransa sun fara komawa kanta tun wajen 2008, aikinsu bai tsaya ba.

A kuma yi hattara da facin ƙarya. Microsoft ba ta aiko faci cikin wasiƙar intanet, ba ta aikowa ta WhatsApp, ba ta kiran mutum a waya. Tun 2003 wata ƙwaya mai suna Swen ta yaɗu da rigar facin Microsoft, dabarar kuma ba ta mutu ba. Faci na gaskiya daga cikin na'urar yake fitowa, ta shafin Windows Update.

Ga ƴan kasuwa

Sau nawa ake jin mai kanti ya miƙa wa yaronsa waya yana cewa: «Kai, kashe mini wannan abin, yana cinye mini mega», yaron ya ce: «To, Alhaji», ya kashe? Mutumin da ba zai kwana bai duba kwaɗon sitonsa ba, ga shi ya bar wayar da jarinsa ke bi ta cikinta shekara biyu ba gyara, domin ya tsimi jikka ɗaya.

Abin da ake nema gare shi kaɗan ne. A cikin saitin waya, wurin bayanin wayar, akwai kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. In ya haura shekara kuma wayar ta ce babu sabo, to kamfanin ya sake ta, bai kamata ta ci gaba da riƙe kuɗi masu yawa ba. Manhajar aika kuɗi da WhatsApp a sauke su daga Play Store kawai, a sabunta su duk lokacin da suka nema. Kwaikwayon WhatsApp irin su GBWhatsApp da ake turawa daga waya zuwa waya a wurin masu caji ba sa samun facin kamfanin, kuma a 2021 masu bincike na Kaspersky sun sami ƙwayar cuta cikin wani irinsu mai suna FMWhatsApp. Wayar kuɗi daban, wayar da yara ke kallo da ita daban. Ranar sayen sabuwa kuma, bayan tambayar girman allo da ƙarfin batir, a tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin aiko mata faci. Araha ba ta ado.

Takardar haihuwar da ta ɓace tana iya hana yaro zama jarrabawa. Lissafin harajin da ya kulle yana iya sa a nemi ɗan kasuwa ya biya abin da ya riga ya biya. Jama'ar da ke tahowa daga ƙauyukan Gulbin Kaba su yi layi a ƙofar biro ba su san Talata ta biyu ba, ba kuma aikinsu ba ne su sani. Amana suka ba da. Lokacin tsara kasafin kuɗin baɗi, ya dace kowane shugaban biro a Mayahi da Tasawa ya tambayi kansa sunan wanda ke riƙe da kayen na'urori, da layin da za a biya megarsa. In babu amsa, a samo ta tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye dukiyar jama'a, amin.